Abin da Madam Ta Riƙe

Ranar sadakar arba'in ɗin Inna, bayan an raba waina baƙi sun fara watsewa, Juwairiyya ta ja yayarta Rayhana zuwa bayan ɗaki, wajen da randunan ruwa suke, ta ce akwai maganar da ta daɗe tana cin ta a rai. Rayhana ta ɗauka zancen rabon kaya ne, har ta fara ɗaure fuska. Ashe zancen Madam ne.

Madam ba mutum ba ce. Wata 'yar kwamfutar yara ce ta roba, ruwan ɗorawa, wadda marigayi Babansu ya sayo musu a Damagaram lokacin yana tuƙa babbar mota tsakanin can da Maigatari. Da an buɗe ta sai wata mace ta yi gaisuwa da Faransanci, shi ya sa suka laƙa mata wannan suna. Ba wanda ya san me take cewa, amma kafin sati ya zagayo sun gane duk wasannin da ke cikinta. Akwai na kwaɗo mai cafke haruffa da harshe, akwai na ƙirga ƙwai a kwando, akwai wanda ake bi da agwagwa ta lungu-lungu har a kai ta tafki. In ka ci sai Madam ta yi maka tafi da kiɗa. In ka faɗi sai ta yi wani kuka kamar na akuyar da aka taka wa ƙafa, kuma Zayyad, mai bin Rayhana, ya iya kwaikwayon kukan nan har Baba kan yi dariya ya ƙware. A gefen dama akwai manyan madannai biyu, ja da kore. In ka danne jan ka yi magana sai ta ɗauki muryarka, in ka danna koren sai ta maimaita maka. Magana ɗaya tak take riƙewa, ita ma gajeriya, kuma sabuwa na shiga tsohuwa ta goge.

Rayhana ce 'yar fari. Ana yaye ta Goggo, yayar Babansu, ta ɗauke ta zuwa Sule Tankarkar, can ta tashi, gidan iyayenta a Gumel kuwa sai hutun makaranta da Salla. Inna mace ce mai kunyar ɗan fari, irin kunyar da ko tsararrakinta suna cewa ta yi yawa. Ba ta taɓa kiran sunan Rayhana ba. In za a ba ta abinci, sai Inna ta ce wa Zayyad ya miƙa wa yayarsu. In baƙuwa ta tambayi wannan 'yar waye, sai ta ce 'yar Goggo ce, ta kau da kai ta shiga wani zancen. Rayhana ta san al'ada ce, ta ga ana yi a wasu gidajen, ba ta kuma taɓa kai kuka wurin kowa ba. Amma ta shekara ashirin da takwas a duniya ba ta san yadda sunanta yake fita daga bakin uwarta ba. Ranar da maza suka ɗauki makara suka fita da Inna, wannan ne abin da ya fara faɗo mata a rai, har ta ji kunyar kanta.

Juwairiyya ta yi ƙasa da murya ta ba ta labari. Ta ce wata safiya, tana 'yar shekara shida, kwana kaɗan bayan Rayhana ta koma Sule Tankarkar, zazzaɓi ya hana ta zuwa makaranta. Tana kwance a gadon Inna ta rufe fuska da zane, Inna ta zaci barci take. Sai ta ga Inna ta leƙa tsakar gida, ta saki labule, ta ɗauko Madam ta zauna a bakin tabarma, ta danne jan madannin da yatsa biyu kamar mai tsoron kada ya cije ta. Ta yi magana. Sannan ta danna koren ta saurara, ta rufe baki da gefen ɗankwali tana dariya ita kaɗai.

"Da kunnena na ji, Yaya. Sunanki ta faɗa. Ta ƙara da wata magana, ita ce na manta."

Rayhana ta jingina da bango. Ta tambaye ta me ya hana ta faɗa duk shekarun nan. Juwairiyya ta ce da farko tsoro ne, daga baya kuma ta ji kamar tona wa Inna asiri ne. Sannan ai Madam ta ɓace daga gidan, aka ce musu ta lalace, sai maganar ta shige. Ba ta sake tunawa ba sai ranar sadakar uku, da Goggo ta buɗe adakar Inna za ta raba tufafinta ga dangi, aka tarar da Madam a can ƙasa, naɗe cikin sabon ɗankwali. Lokacin Rayhana tana ɗaya ɗakin tana karɓar gaisuwa. Goggo ta juya ta, ta ce wannan ai kayan yara ne, ta miƙa wa Zuliha matar Zayyad, ta tafi da ita Maigatari.

Rayhana ta zabura. 'Ya'yan Zayyad uku ne, kuma ba abin da hannunsu yake bari. Yaro ɗaya ya danne jan madannin ya yi ihu a ciki, shi ke nan.

Suka aika aka kira Zayyad daga ƙofar gida. Ya ce su kwantar da hankalinsu, Madam ko motsi ba ta yi, babbar 'yarsa ce take ɗora ta a cinya tana wasan malamar makaranta, tana zane ƙannenta da tsinken tsintsiya. Amma yana da niyyar kai ta gyara, yaran su ga irin abin da ubansu ya yi wasa da shi. Rayhana ta ce ya bari, kada a sa mata batir, kada a kai ta ko'ina, ita za ta zo ranar Alhamis. Ya dube ta ya dubi Juwairiyya, ya ce ikon Allah, uwar 'ya'ya biyu za ta shiga mota tun daga Gagarawa don ta kama haruffa da kwaɗo. Ta yi murmushi. Ta so ta gaya masa dalili, bakinta ya ƙi.

Kwana huɗun da suka rage ta yi su ne a gidan mijinta a Gagarawa tana aikin gida hankalinta yana Gumel ta da. Ta tuna yadda suke jeruwa a tabarma su ukun, kowa da layinsa, wanda ya faɗi ya miƙa wa na gaba. Ita makaranta a aji huɗu ta tsaya, amma haruffan da take karanta saƙon waya da su yau, rabinsu kwaɗon nan ne ya koya mata. Ta tuna la'asar in an kawo wuta, yadda yaran layinsu suke cika ɗakin Baba a gaban ƙaramar talabijin ana kallon katun. Ba mai jin Turancin, sai Zayyad ya tsaya a gefe yana yi musu fassarar ƙarya. Ƙaton karen da ke cikin katun ɗin ya zama Malam Yazid mai shago, siririn tsuntsun ya zama hedimasta, duk abin da suka yi sai ya ce a kan bashin sukari suke faɗa. Inna takan zauna a bakin ƙofa da faifan shinkafa tana tsincewa, wai ita ba kallo take ba, amma in aka maƙe karen da ƙofa sai a ji faifan ya girgiza. Akwai kuma gem ɗin da ake jonawa da talabijin, mai kaset ɗin da sai an hura masa iska da baki kafin ya kama. Wannan na gidan maƙwabta ne, aro suke yi ranar Juma'a, kuma kullum Zayyad sai ya ba ta hannun da madanninsa ya mutu ya ce ita ce ba ta iya ba.

Da hutu ya ƙare, su biyun su ci gaba da abinsu, ita kuma a sa ta a mota da ƙullin ƙuli-ƙuli. Gidan Goggo ba wuta, ba talabijin. Takan zana madannan Madam a ƙasa da tsinke tana dannawa, tana yi wa kanta tafin da kukan akuyar.

Ranar Laraba ta gaya wa mijinta Nasir tana son zuwa Maigatari. Ya ce ba ranar Asabar ɗin nan suka rabu da su Zayyad ba? Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ya san halinta, in ta yi haka ko za a kwana ba za ta ƙara kalma ba. Ya ce ta bar yaran wurin mahaifiyarsa, ta kuma yi sammako, don ranar kasuwa motocin da wuri suke cika da masu awaki.

Haka kuwa aka yi. Daga Gagarawa zuwa Gumel a matse ta zauna tsakanin wata tsohuwa mai kwandon kuka da buhun riɗi. A tashar Gumel ta sake mota. Tun kafin a shiga Maigatari hanya ta cushe da manyan motoci da babura, ga raƙuma ana kora su gefen titi, ga shanu ana lodawa. Ita duk ba ta gani sosai. Lissafi take a ranta: ko Inna "Rayhana" ta ce, ko "Rayhanatu" kamar yadda liman ya raɗa? Ko da ƙarfi, ko a hankali? Wace magana ce ta biyo baya?

Zuliha ta tarbe ta da ruwa da fura, ta shiga tambayar mutanen gida. Rayhana ta amsa a gajarce, idonta yana yawo a ɗakin. Can Zuliha ta gane, ta durƙusa ta jawo Madam daga ƙarƙashin gado. Ta fi yadda Rayhana take tunawa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ruwan ɗorawar ya koɗe, yara sun yi mata zane da biro, haruffa biyu sun fita. Amma ja da koren suna nan. Ta sa gefen mayafinta ta goge ta, ta rungume a ƙirji, ta ƙi ajiyewa ko da za ta sha furar.

Zayyad dillali ne a kasuwar dabbobi. Wajen hantsi ya baro kara ya zo, rigarsa duk warin shanu, ya ce ta taso ya kai ta wurin Abdulfatah mai gyaran rediyo, in dai shi ya kasa to ba mai iyawa. A hanya bakinsa bai huta ba. Ya ce yaran yanzu kowa da wayar ubansa a hannu, gem dubu a ciki, amma ba wanda yake daɗewa minti biyar bai gaji ba. Su kuwa agwagwa ɗaya suka shekara suna kaiwa tafki. Ya tuna mata ranar da ta ci wasan ƙwai har ƙarshe, shi kuma don baƙin ciki ya zare batir ɗaya ya jefa a rijiya. Ta ce ta tuna, ta kuma tuna dukan da ya sha. Ya ce ai har yau in hadari ya taso wurin yana masa ƙaiƙayi.

Rumfar Abdulfatah tana bakin kasuwa, cike da matattun rediyoyi da fitilu da wayoyi. Dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya karɓi Madam ya juya ta, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana da baƙin gashi, ta Nijar ake shigo da su. Ya kwance murfin baya. Batura huɗu ne a ciki, sun kumbura sun yi farin gari. Ya ciro su da tsinken ƙarfe, ya kankare tsatsar da reza, ya liƙa wata siririyar waya da dalma. Yana cikin aikin ya ɗauki batir ɗaya ya kai kusa da tabarau, ya tambayi yaushe suka ce an daina amfani da ita.

Zayyad ya ce ai shekara goma sha takwas ke nan.

"A'a," in ji Abdulfatah. "Wannan batirin bai fi shekara biyu da yi ba. Ga kwanan watan nan a jiki. Akwai dai mai kunna ta."

Zayyad ya karɓa ya duba, ya buɗe baki zai yi wasa, sai kuma ya rufe. Inna shekara guda ta yi tana jinya ba ta iya sauka daga gado. Ashe har ta kwanta ciwon tana kunna ta. Rayhana ta dafa ginshiƙin rumfar.

Aka sa sababbin batura. Allon ya yi haske, sai ga muryar matar nan ta fito tana gaisuwarta ta Faransanci, ba abin da ya canja, kamar jiya suka rabu. Zayyad ya fashe da dariya yana goge ido da hularsa. Abdulfatah kuwa yana da ƙa'idarsa: ba ya ba da kayan da ya gyara sai ya danna kowane madanni a gaban mai shi, don kada a dawo masa gobe da ƙorafi. Ya fara daga layin sama, ɗaya bayan ɗaya. Kwaɗo ya fito ya koma. Kwando ya fito. Agwagwa ta yi kuka. Babban yatsansa yana tafiya dama, Rayhana tana kallo. Ita da ko cinikin tumatir sai ta aiki wani, ba ta taɓa ɗaga wa baƙon namiji murya ba. Yatsan ya sauka a kan jan.

"Malam, kar ka danna!"

Ba ta san lokacin da ta fizge Madam daga hannunsa ba. Masu jiran gyara suka juyo, mai shayin da ke kusa ya tsaya da buta a sama. Abdulfatah ya ɗaga hannuwa biyu ya ce Allah ya ba Hajiya haƙuri, bai kai ga dannawa ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ba shi haƙuri ita ma da muryar da ko ita ba ta ji ba. Zayyad ya sallame shi, suka taho. Duk hanyar bai yi mata tsiya ko ɗaya ba.

A gida ta ce wa Zuliha tana son ɗaki za ta yi azahar. Ta yi sallar, ta tura ƙofa ta sa sakata, ta zauna a kan dardumar ta ɗora Madam a cinya. Sai a lokacin ta lura tsakiyar koren madannin ya goge ya yi fari, ya ɗan lotsa. Ta yi bisimilla ta danna.

Aka fara jin shuuu, da ƙarar muciya a tukunya can nesa. Sannan muryar yarinya ta fito, siririya, cike da fushi.

"Ni ba 'yar gidan nan ba ce. Ni 'yar Goggo ce. Ku riƙe abinku, ba na so."

Wani yaro ya fara dariya, sai maganar ta yanke.

Rayhana ta zauna kamar an dasa ta. Ta sake dannawa, ko akwai wani abu a baya. Babu. Muryarta ce, tana 'yar shekara goma. Kuma tana jin ta sai ranar ta dawo mata gaba ɗaya.

Hutun da ya gabaci wannan ranar ta roƙi Baba ya bar ta ta tafi da Madam Sule Tankarkar ko na wata ɗaya, ya ce a'a, kayan gida ne. Ta dubi Inna ko za ta sa baki, Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Wata uku Rayhana ta yi da wannan abin a ranta. Ranar jajibirin babbar Salla aka sauke ta a Gumel, ko takalmi ba ta cire ba ta ji Inna daga madafi, ta juya baya tana tuƙa tuwo, tana cewa Zayyad ya ɗauko abin nan a kan kabad ya ce wa yayarsu ta danna koren. Zayyad ya kawo yana washe baki. Ita kuwa ta san shi, ya sha ɗaukar kukan akuya ya ce ta danna ta ji saƙo. Ta ɗauka sun haɗa baki ne za a yi mata dariya daga zuwanta. Sai ta danne jan, ta faɗi abin da ta faɗa da ƙarfi yadda na madafi zai ji, ta tura masa ta shige ɗaki. Ta tuna muciyar ta tsaya. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ci gaba. Washegari aka nemi Madam aka rasa, Inna ta ce ta lalace.

Ta kifa kai a kan gwiwa. Kusan shekara goma sha takwas Inna tana aika a sayo mata batir, tana sakin labule, tana danna koren nan. Kuma abin da take ji ke nan. Rayhana ta yi ta juya abin a ranta: ko don muryar 'yarta ce kawai, ko me take cewa, ko kuwa ta yarda da maganar ne tana ƙara ji don ta hukunta kanta? Ba wanda za ta tambaya. Ta tuna zuwanta dubiya a shekarar jinya, yadda takan zauna a wajen ƙafafun gado ta gaishe ta kai a ƙasa, sannan ta juya ta tambayi Juwairiyya ko Inna ta ci abinci, alhali Innar tana kwance ido biyu tana kallonta. Ita ma ashe ta iya kunyar nan, har ta fi mai ita.

Zayyad ya ƙwanƙwasa ya ce yara sun dawo daga makaranta sun ji labari, sun hana shi sakat. Ta buɗe masa shi kaɗai. Da ya ga idonta bai tambaya ba, ita ce ta danna masa. Ya saurara, ya ji dariyarsa a ƙarshe, ya zauna a bakin gado. Ta gaya masa abin da Juwairiyya ta gani, ta tambaye shi ko ya taɓa jin abin da ke ciki kafin ranar nan.

Ya girgiza kai. Ya ce abin da ya sani, wata ukun nan cur Inna ta ɗora Madam a kan kabad ta hana kowa taɓawa. Ranar da ya taka kujera zai ɗauko, ta tsinka masa mari, ita da ba ta duka. Shi ya ɗauka batir take tattali. Sannan ya ce, "Da ban yi ta tsokanarki da kukan akuyar nan ba, Yaya, da kin danna koren."

Ta ce shi yaro ne lokacin. Ya ce ita ma ai yarinya ce. Daga baya ya fita ta ji yana gaya wa yaran Madam ta Gwaggonsu Rayhana ce, zai sayo musu wani abin ranar kasuwa mai zuwa, suna ta kuka yana lallashi.

Bayan la'asar ya raka ta tasha, ya samar mata wuri kusa da taga, ya koma kara. Motar ba ta cika ba, saura mutum uku. Madam tana cikin jakarta, ta zare batir ɗaya ta ƙulle a bakin mayafi don kada wani abu ya danne jan a hanya. Wayarta ta yi ƙara. Juwairiyya ce, ko sallama ba ta gama ba ta tambaya ko an gyara, ko ta ji.

Rayhana ta so ta ce ta ji, kowa ya huta. Amma sai ta ce, "An gyara. Babu muryarta. Ni na goge da kaina, tun ranar da ta ce in saurara."

Juwairiyya ta yi salati a hankali. Ta fara ba ta haƙuri, tana cewa da ta sani da ba ta tayar da maganar ba. Rayhana ta katse ta.

"Ke kaɗai kika ji. Faɗa min yadda ta faɗa."

"Yaya, shekara shida gare ni fa."

"Ki dai gwada."

Sannan Juwairiyya ta ce, "Rayhana." Ta tsaya. Ta ce a'a, ba haka ba ne, na Inna ya fi haka ƙasa, kuma kamar ta ja ƙarshen. Ta gyara murya ta sake faɗa. Ta ce wannan ma bai yi ba, ya fi kama da na Goggo. Ta ce wallahi tana jin sa a kanta, bakinta ne ya kasa kawo shi.

Ɗan kamasho yana ta kiran Gumel mutum ɗaya, wata babbar mota tana hon a bakin tasha. Rayhana ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, ta manna wayar a ɗayan, ta juya fuskarta wajen taga.

"Ba komai," ta ce. "Sake gwadawa, ina ji."